Ciwon Sikila: Daga Ɗakin Bincike Zuwa Ɗakin Uwargida

A wannan wata za mu tattauna ne kan gadon jini da ciwon sikila, wanda wasu ke kira amosanin jini, domin da wuya a sami unguwar da babu uwar da ke kwana zaune saboda shi.

'Yar uwa, ko kin taɓa lura da wani abu game da yaron da aka haifa da sikila? Ana haihuwarsa kamar kowane jariri, a yi suna, a yi arba'in, mai jego ta gama wanka, yaro ɓulɓul da shi babu abin da ke damunsa. Sai ya kai kamar wata shida, sannan a wayi gari hannuwansa da ƙafafunsa sun kumbura, yana ta tsala kuka, ko taɓa shi ba ya so a yi. Daga nan sai zargi ya tashi. Wata ta ce nonon uwar ne ba shi da kyau, wata ta ce kambun baka ne, wata ta nuna ɗakin kishiya. Hujjarsu ita ce, ai lafiya lau aka haife shi. To in da ciwon ya zo duniya, me ya ɓoye shi har tsawon wata shida? Wannan tambaya ta ɗauki masana kusan shekara 60 kafin su kai ga gindinta, kuma amsarta ce ta buɗe hanyar magungunan da za mu yi magana a kansu.

Yadda ake gadon ciwon

Mu a nan Wudil zancen iri ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya shiga kara ranar Juma'a ya san mai sayen saniya ba ƙibarta kawai yake dubawa ba, har irinta yake tambaya, don ya san maraƙi ba ya barin kamannin uwarsa da ubansa. Haka Allah Ya tsara jikin ɗan Adam. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wani rubutu mai haruffa kimanin biliyan 3, kwafi ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, shi ke ɗauke da launin fata da tsawo da irin jini. Masu nazarin wannan rubutu su ake kira masana ƙwayoyin gado, kuma sai a 2003 suka kammala babban aikin karanta shi, bayan sun fara a 1990.

Sikila canjin harafi ɗaya tak ne a cikin wannan rubutu, a wurin da ke sarrafa sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini. Saboda wannan canji, jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda ya kamata su zama zagayayyu masu laushi, sai su lanƙwashe kamar lauje, su taurare, su toshe ƙananan jijiyoyi. Toshewar ita ke kawo azabar ciwon ƙashi. Ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kimanin kwana 120, ta mai sikila kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa kuma ya yi ɗorawa.

Wanda ya gaji wannan harafi daga ɓangare ɗaya shi ne AS, yana rayuwarsa lafiya, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da shi ba. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba duka shi ne SS, mai ciwon. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar nan duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu.

A nan ina so ki riƙe abu biyu. Na farko, babu yadda za a yi uwa ita kaɗai ta ba ɗanta SS, dole sai uban ma ya ba da nasa kason. Akwai gidajen da maigida AS ne, uwargida AA, 'ya'yanta duk lafiya. Sai ya ƙaro amarya AS, a ɗakinta a sami mai sikila, dangin miji su ce ita ta kawo musu ciwo cikin zuri'a. Wannan zalunci ne da jahilci ya haifa, domin rabin abin daga ɗansu ya fito. Na biyu, idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan ba ya nufin in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi ciwon. Kowane ciki rabonsa daban, ana iya haihuwar uku a jere masu sikila, ana kuma iya haihuwar shida ba ko ɗaya.

Me ya sa abin ya yi yawa a ƙasarmu? A 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa harafin ya yaɗu a ƙasashen sauro. An sake ganin haka a kusa da mu, a Garki, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano, yanzu tana Jigawa. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi babban bincike kan zazzaɓi a ƙauyukan yankin. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen, suka fitar da sakamako a 1979. Sun tarar kimanin jarirai 2 cikin 100 SS ne, amma a cikin manyan yara da ƙyar ake samun mai shi, domin mafi yawansu ba sa kaiwa shekara biyar. Kakanninmu sun binne yara da yawa ba tare da sun san sunan abin da ke ɗauke su ba.

Sirrin jinin jarirta

Mu koma kan tambayarmu ta farko. A 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai sabbin haihuwa ba ya lanƙwashewa sosai, ta ce lallai irin jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki ne ke kare shi. Gaskiya ta faɗa. Ɗan tayi yana da nasa irin sinadarin jini daban, wanda za mu kira jinin jarirta, kuma shi ba ya zama lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rage shi yana maye gurbinsa da na manya, kafin wata shida ya ja baya ƙwarai, a nan ne ciwon ke bayyana. Kin ga ke nan babu ruwan nonon uwa, babu ruwan kishiya.

Likitoci sun kuma lura cewa wasu mutane jikinsu ba ya daina yin jinin jarirta gaba ɗaya har su girma, kuma in suna da sikila tana zuwa musu da sauƙi. An ga haka a tsakanin masu sikila na gabashin Saudiyya. Sai tambaya ta zama, ina makunnin da ke kashe wannan jini yake, ko za a iya sake kunna shi?

Mace ce ta sa wannan tambaya a gaba shekara da shekaru, Farfesa Swee Lay Thein, haifaffiyar ƙasar Maleshiya. A can ta yi karatun likita, sannan ta wuce Ingila, ta yi aiki a Oksfod tare da Farfesa David Weatherall, babban masanin cututtukan jini na gado. Aikinta na bin dangi ne gida gida. Ta bi wani babban dangi 'yan asalin Indiya, ta tattara jinin kakanni da jikoki, tana kwatanta masu yawan jinin jarirta da marasa shi. Bayan ta koma King's College a Landan a 2000, ta haɗa kai da masu nazarin tagwaye. A 2007 ita da abokin aikinta Stephan Menzel da sauran tawagarsu suka sanar da cewa sun gano wata ƙwayar gado mai suna BCL11A tana da babban hannu a yawan jinin jarirta.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 2008 Farfesa Stuart Orkin na Jami'ar Harvard a Amurka da ɗalibinsa Vijay Sankaran suka tabbatar da cewa wannan ƙwaya ita ce makunnin kashewar. A 2011 suka toshe ta a jikin ɓerayen gwaji masu sikila, ɓerayen suka sami sauƙi. A 2012 wasu mata biyu, Jennifer Doudna 'yar Amurka da Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa, suka fito da wata dabara mai kama da almakashi ta yanke rubutun gado a daidai inda ake so, aikin da ya ba su lambar yabo ta Nobel a 2020. Da aka haɗa ilimin makunni da almakashin, a 2019 aka gwada wa wata mata mai 'ya'ya, Victoria Gray, wadda ta sha kwanciya asibiti tun tana ƙarama, ciwon ya daina tasar mata. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin da sunan Casgevy, a 2024 kuma aka ba Thein da Orkin lambar yabo ta Shaw a tare.

Kada ki yi saurin murna, 'yar uwa. Kuɗin da aka sa wa wannan magani a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, wato biliyoyin naira. Sai an ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci an gyara su, an ba shi magani mai ƙarfi irin na ciwon daji wanda kan iya hana haihuwa, sannan a mayar masa da su, ya yi makonni a kwance. Ko ya warke, 'ya'yansa za su gaji harafin sikila daga gare shi. Saboda haka duk wanda ya zo miki da kwalba ko ƙullin gari ya ce zai mayar da SS ya koma AA, kuɗinki yake so.

Abin da likitocin Kano suka yi

Akwai wani tsohon magani mai araha, haidiroksiyuriya, wanda shi ma aikinsa ƙara jinin jarirta ne a jiki. Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila tun 1998. A kan wannan magani ne likitocinmu na Kano suka yi aikin da duniya ta jinjina musu.

Ɗaya daga cikin mafi munin abin da sikila ke jawo wa yaro shi ne shanyewar ɓarin jiki. In ba a ɗauki mataki ba, kimanin yaro ɗaya cikin goma masu SS na gamuwa da ita kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗora wa yaro a gefen kai, ana kiran gwajin TCD, ba allura ba ciwo, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. In gudun ya yi yawa, alama ce jijiya ta tsuke, yaron na cikin haɗari. A ƙasashen Turawa irin wannan yaro ƙarin jini ake yi masa duk wata, tun da wani bincike na 1998 ya nuna hakan na rage haɗarin da fiye da kashi 90 cikin 100. To ke da kanki kin san wahalar samun leda ɗaya ta jini a asibiti, balle duk wata har shekaru.

Sai likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero suka haɗa gwiwa da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda Farfesa Michael DeBaun da Farfesa Muktar Aliyu suke. Dakta Najibah Galadanci, likitar jini, ita ta jagoranci gwajin farko a Kano, wanda ya nuna iyaye suna yarda su kawo 'ya'yansu, yaran kuma suna shan maganin ba tare da ya cutar da su ba. Daga nan aka shiga babban gwaji a 2016, wanda Farfesa Shehu Umar Abdullahi ya ja ragamarsa a Kano, tare da likitoci irin su Dakta Binta Jibir Wudil, mai ɗauke da sunan garinmu, da Dakta Halima Bello-Manga ta Kaduna. An ɗauki yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, dukkansu na'ura ta nuna suna cikin haɗari, a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala Muhammad da na Barau Dikko a Kaduna. Aka raba su gida biyu, wasu na shan maganin kaɗan, wasu ninkin haka.

Sakamakon ya fito a 2022. A cikin yaran 220, takwas ne kawai ɓarin jikinsu ya shanye, adadin da ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani ga irin waɗannan yara in ba a yi musu komai ba. Ko ƙaramin awon ma ya ba da kariya, sai dai masu shan babban awon sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. Bayan haka aka horar da ma'aikatan lafiya yin gwajin na TCD a wasu asibitocin gwamnati, kuma gwamnatocin Kano da Kaduna da Katsina suka ɗauki alƙawarin samar da maganin kyauta ga yaran da ke cikin haɗari. Waɗannan yara 220 'ya'yan mata ne irinmu, waɗanda suka daure da zirga-zirgar asibiti wata bayan wata. Haƙurinsu ne ya samar da ilimin da likitocin wasu ƙasashen Afirka ke amfani da shi.

Abin da ya rage gare mu

Idan kina da yaro mai sikila, ki tabbata yana da katin asibitin masu sikila, ba sai ciwo ya tashi ba. Tun daga shekara 2 zuwa 16 ake so a riƙa yi masa gwajin TCD sau ɗaya a shekara. Ki tambayi likita, in babu na'urar a inda kike ki nemi a tura ki Kano, daga Wudil kimanin kilomita 40 ne. Ki tambaye shi batun haidiroksiyuriya, amma kada ki saya a kemis ki ba yaro da kanki, domin da nauyin yaro ake auna shi, ana kuma bin jininsa da gwaji, sannan mai ciki ko mai neman ciki dole ta shaida wa likita. Ki cika masa alluran rigakafi, ki ba shi magungunan kullum da aka rubuta masa, ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwa da yawa, ki rufe masa jiki da hunturu, ki hana shi wasa cikin ruwan sama da wankan kogi. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin jira ba ne har gari ya waye. In kuwa kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko maganarsa ta sarƙe, ki ɗauke shi zuwa asibiti nan take, addu'a kuma kina yi a hanya. Neman magani ba ya cin karo da tawakkali, addininmu ma ya kwaɗaitar da shi.

Sai batun aure. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, wanda ya haɗa da gwajin jinotayif da ciwon hanta da ƙanjamau. Doka ta yi nata, amma matsalar da nake gani ita ce lokacin da muke yin gwajin. Sai an kai kuɗin gaisuwa, an sa rana, an kawo lefe, an raba katin biki, saura mako guda, sannan a tuna da asibiti. A wannan lokaci wa zai iya cewa a fasa? A nan ne Shaiɗan ke raɗa wa mutane su nemo takardar ƙarya, alhali takarda ba ta canza jini, yaron da za a haifa shi zai biya bashin da ƙashinsa, uwarsa kuma da barcinta.

Tun ran gini ran zane. Ki kai 'ya'yanki maza da mata a gwada su tun suna makaranta, kowa ya san nasa kafin zuciya ta kamu. Ki lura, gwajin rukunin jini na A da B da O daban yake da wannan, kada a ba ki ɗaya ki ɗauka ɗayan ne. Ki yi a asibitin da aka yarda da shi, in da hali ki maimaita a wani wurin, domin ana samun kuskure. Akwai kuma AC, wanda in ya haɗu da AS ana iya haihuwar SC, shi ma nau'in sikila ne. Masu auren zumunci su fi kowa kula, tun da jini ɗaya ne, in harafin yana cikin dangi yiwuwar haɗuwarsa ta fi yawa. Haka maigidan da zai ƙara aure, kada ya ce ai 'ya'yansa na farko lafiya suke.

Kada kuma gwajin ya zama hanyar tozarta bayin Allah. Yarinya AS ko SS ba ta da laifi, kuma tana da damar aure kamar kowa. In mai SS ta auri AA, 'ya'yansu AS za su zama, ba za su yi ciwon ba. Sirrin sakamakon amana ne tsakanin gidaje biyu, ba labarin gidan biki ba. Wadda kuma ta riga ta yi aure, ta gano ita da mijinta AS ne, ba ta yi zunubi ba, su je tare su ga likita, a riƙa gwada kowane jariri da wuri don a fara kula da shi kafin wata shidan nan ya cika.

A ƙarshe, ki duba sunayen da muka ambata, mata nawa ne a ciki? A garin nan akwai jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Dangote a 2022. A ajina na Islamiyya akwai 'yan mata masu kaifin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke haddace shafi guda kafin a tashi. In 'yarki ta nuna sha'awar kimiyya, ki tsaya mata wajen mahaifinta, ta haɗa karatun addini da na zamani, domin ciwon a gidajenmu ya fi yawa, mu ya fi kamata mu sami masu bincikensa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa iyayen da ke jinya da mafificin alheri, Ya shirya mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.